Haraj na Makka da Harajin Kwatarmu

Tun ranar da na dawo ban huta da tambaya ba. Mace za ta zo sayen manja, ta tsaya ta ce, "Hajiya Asabe, yaya Makka?" Kafin in amsa ta riga ta leƙa bakina tana neman haƙorin gwal, ba ta gani ba. Sai ta sassauta murya ta zo kan abin da ya kawo ta: "Wai da gaske ne ba ki je Madina ba?" Da gaske ne, ban je ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu tsakanin awo da neman canji, kowa kuma ya tafi ya ƙara masa gishirinsa. Don haka na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta.

Wanda bai san kasuwarmu ba, a kan gangare take. Shagunan manyan 'yan kasuwa suna can sama, na siminti, da ƙofofin ƙarfe. Mu matan layin manja da kayan miya muna can ƙasa, bakin babbar kwata. Kwatar nan ta toshe tun ina goyon autana, yanzu ya yi gemu. Duk damina ruwan kasuwa gaba ɗaya, da sharar mahauta da ta masu kifi, a rumfunanmu yake kwana. Maƙwabciyata Talatu, mai sayar da daddawa da kuka, a kan buhu take sallar azahar, don ba busasshen wurin da za ta ɗora goshi. Bara ƙafarta ta rube tsakanin yatsu, wata biyu tana ɗingishi.

Bana sai ƙaramar hukuma ta zo da magana. Za a ƙara ɗan haraji a kan kowane buhu da jarka da aka sayar a kasuwa, kuɗin a ware su don yashe kwata, da kwashe shara, da kai ruwa banɗaki, na shekara ɗaya a gani. Amma tunda an taɓa ƙaƙaba mana irin wannan aka yi rigima, wannan karon sun ce ba dole: masu rumfa su yi ƙuri'a, in mun ce eh a yi, in mun ce a'a a bari. Ni tun ranar na ce eh, da ƙarfi kuma, na bi matan layinmu rumfa-rumfa ina yi musu bayani. Alhaji Mamuda, shugaban kwamitin kasuwa, mai shaguna shida a sama, ya ce a'a. Ban ga laifinsa sosai ba. Wanda ke sayar da tirela guda shi zai fi biya, ruwan kwata kuwa bai taɓa taɓa takalminsa ba.

Ana cikin haka ya aiko a kira ni. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya ce yana da kujerar Umra guda da ya yi niyyar bayarwa saboda mahaifiyarsa marigayiya, ya duba duk kasuwa bai ga wadda ta fi ni cancanta ba. Jama'a, shekarata hamsin da huɗu, ban taɓa shiga jirgi ba. Kullum in an ambaci Madina a wa'azi sai na ji hawaye. Duk da haka na daure na tambayi ranar ƙuri'a. Ya ce sai nan da sati huɗu, ni kuwa tafiyata kwana goma sha huɗu ce. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na gode, Allah ya kai ladan kabarin Hajiya. Amma ƙuri'ata tana nan inda ka san ta." Ya yi dariya ya ce, "Haba Hajiya Asabe, wa ya yi maganar ƙuri'a? Lada nake nema." Na yarda, domin ina son in yarda.

Daga garinmu zuwa Kano awa biyu ne a mota. A filin jirgi aka haɗa ni da sauran 'yan tawaga, aka rataya mana katin shaida a wuya kamar tumakin layya. Jirgi dai ba zan yi muku ƙarya ba, da ya ɗaga sai da na riƙe hannun wata baiwar Allah da ban san sunanta ba, na karanta duk abin da na haddace har da wanda ban gama haddacewa ba. Aka kawo abinci a ɗan faranti, shinkafa ba ta kai cikin tafin hannu ba, da wani abu mai sanyi kamar man shafawa. Na ci shinkafar na bar musu man.

A Jidda aka fara wasan. Akwai na'urar da ake ɗora yatsu, kowa ya ɗora ya wuce. Ni na ɗora ta yi ja. Na sake, ta yi ja. Shekara talatin ina wanke jarkokin manja da toka da soso, ga lallen da na ƙunsa na tafiya, yatsun nan sun zama kamar bayan ludayi. Ma'aikacin ya fesa mini wani ruwa, ya danna hannuna da na'urar, ya gwada babban yatsa, ya gwada ƙarami, layi ya taru a bayana ana tsaki da yare kala-kala. Da ƙyar wani yatsa guda na hagu ya yarda ni ce. Na wuce nan sai wurin kaya, aka buɗe jakata aka ci karo da daddawar Talatu, wadda na ɗauko wa 'yar'uwata da ke zaune a Makka. Mutumin ya kai ta hanci, ya ja da baya har hularsa ta karkace. Ya tambaye ni da hannu ko mene ne. Na nuna masa tukunya da hannu, na nuna baki, na ce "miya". Ya kira abokinsa shi ma ya shinshina, suka dube ni da tausayi, suka ɗaure mini abata suka ce in tafi.

Masaukinmu a Misfala yake, unguwa ce ta kudu da Harami, gidajen baƙi a jere, ƙasansu duk shaguna, mutane na ta zuba a ƙafa ba dare ba rana. Mu huɗu a ɗaki. Faɗanmu ɗaya ne, na'urar sanyi: wata Hajiya 'yar Zariya tana so ta ƙure ta, ni kuwa ƙashina ba ya so. In ta shiga wanka in kashe, in na shiga ta kunna. Haka muka zauna lafiya.

Ganin Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba, ba kuma zan gwada ba. Na tsaya na yi kuka kamar an yi mini mutuwa, alhali daɗi ne. Na yi ɗawafi, na yi Safa da Marwa, aka yanke mini ɗan gashi. A cikin ɗawafin nan, Allah shaida, na yi wa Alhaji Mamuda da mahaifiyarsa addu'a a kowane zagaye, sau bakwai, da zuciya ɗaya.

Kwana biyu da sauka Yaya Rabi ta zo ta ɗauke ni. 'Yar wan mahaifina ce, a Makka aka haife ta, ba mu taɓa ganin juna ba sai a waya. Baffa ya tafi aikin Hajji tun yana saurayi ya zauna, ya yi aure, ya rasu a can. Ta haura sittin, ga jiki, ga murya, kuma ita ke tuƙa motarta da kanta, tana tafe tana yi wa direbobi faɗa da Larabci. Ta rungume ni ta ce, "Ahlan, ahlan 'yar Baffa! Wallahi kin yi kama da Abuya, babana, marra. Yalla shiga sayyara, rana tana dukanki." Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta gidanmu sak, amma duk kalma uku sai ta jefa Larabci, 'ya'yanta kuwa in ban da "sannu" da "tuwo" ba abin da suka riƙe. Gidanta a Utaibiyya yake, hawa na uku, lungu ƙunci kamar cikin birni. Da ta buɗe ƙullin daddawar nan sai ta sa fuska a ciki, ta ɗago idonta jawur ta ce warin ɗakin mahaifiyarta ke nan.

Abincinsu da safe wake ne da aka dama da mai, ana dangwala da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Na ce yau ga mutanen da suka mai da wake koko. Da rana shinkafa da rago a babban tire, kowa ya sa hannu. Wata yamma kuma ta sayo mini abin da ta kira siriye tana ta yabonsa, na buɗe takarda na ga tsire ne, da ƙuli-ƙulinsa da yajinsa. Na ce, "Yaya, wannan ai namu ne." Ta ce, "Aiwa, namu ne, amma kar ki faɗa wa Larabawa, sun ɗauka nasu ne."

A wani kanti na sayi silifa, don nawa sun ɓace a ƙofar Harami. Aka ba ni 'yar takarda, na ga lamba biyu, ɗaya bisa ɗaya, na ɗaga murya na ce an caje ni sau biyu. Yaya Rabi ta karɓa ta duba ta ce, "La, la, wannan fatura ce. Na sama kuɗin takalmi, na ƙasa dariba, haƙƙin hukuma. Ko allura kika saya sai an rubuta." Na gane nan take abin da take nufi. Na dubi titi, ga masu shara da kayan aiki suna bi, ga ramukan ruwa da murfin ƙarfe, ba leda ko ɗaya a ciki. Na ninke takardar na sa a lalitata don in nuna wa matan layinmu. Abin da ban yi ba shi ne in ce mata mu a gida haraji muke ce wa wannan. Da na faɗa a lokacin, da na huta da abin da ya biyo baya.

Ranar Litinin bayan azahar, ina gidanta muna shan shayi, saƙon murya ya shigo daga Talatu. Ta ce kwamiti ya zauna an matso da ƙuri'a, ran Asabar ɗin nan za a yi bayan la'asar, wai don manoma za su fara tafiya sharar gona. Ta ce kuma yaran Alhaji suna bin layinmu suna cewa ai Asabe ta riga ta karɓi nata, tana can tana shan Zamzam, ku kuka tsaya wahala. Ta ce, "Asabe, mata sun yi sanyi. Wasu sun ce ba za su fito ba, wasu sun ce tunda ke kin sayar, su ma gara su bi Alhaji. Ni ban yarda ba, amma ban san abin da zan ce musu ba."

Kunya ta fara rufe ni, sannan fushi ya zo ya kore ta. Ashe kujerar nan ba ta lada ba ce, ta kawar da ni ce. Tawagarmu kuma ranar Alhamis za ta wuce Madina, a yi kwana shida.

Yaya Rabi ta ce, "Esh fi? Wa ya mutu?"

Na ce, "Yaya, ƙuri'ar haraji ce aka matso da ita. Dole in kasance a wurin, in ba haka ba an gama da mu."

Ta saki ajiyar zuciya ta yi dariya. "Haraj? Bas? Shi ne kike kuka? Ai muna da shi a nan, babba. Bukra, gobe ke nan, bayan la'asar in kai ki da kaina. Kur'a kuma in ana yi sai ki shiga, wa ya sani, ƙila ki dace."

Ku da kuke dariya yanzu, ku sa kanku a matsayina. Ina ƙasar da komai a waya ake yinsa, har izinin shiga wasu wuraren ibada sai an danna waya. Na ce a raina ƙila akwai ofishin haraji da baƙo zai je ya ba da sunansa, a aika ƙuri'arsa gida ta na'ura. Na tambaye ta, "Har mu 'yan Najeriya?" Ta ce, "Kowa da kowa, 'yan Najeriya ma su suka fi yawa." Na ce in zo da fasfo? Ta ce in zo da kuɗi dai. Wannan bai ba ni mamaki ba, ofishi ne. Na aika wa Talatu cewa ta kwantar da hankalinta, na sami hanya. Na kwana da murna, na yi asarar yini guda cur.

Ranar Talata na ci ado, na sa sabon hijabi, na ɗauki katin shaidata na kasuwa. Muka yi tafiya har bayan gari, ta faka mota. Na fito na ga fili fetal, cike da tsofaffin firji, da na'urorin sanyi, da kujeru masu ƙafa uku, da tukwane, da darduma tuli-tuli. Wani ya hau bayan a-kori-kura yana ɗaga fanka yana ihu, mutane na taya farashi. Na ce, "Yaya, ina ofishin?" Ta ce, "Wane ofis? Ga haraj. Zaɓi abin da kike so."

Ban san lokacin da na fara faɗa ba. Ita tana yi da Larabci, ni ina yi da Hausa, kowa na ganin ɗan'uwansa ya zautu. Sai wani dattijo da ke zaune kan tulin darduma ya ce, "Bayin Allah, ku yi haƙuri. Hajiya, mi kike biɗa?" Basakkwace ne, Malam Garba, ya ce ya fi shekara ashirin a wurin. Na zayyana masa komai tun daga kwata. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya ce, "Hajiya, wanga haraj kasuwar gwanjo ta. Wanda kike nuhi, nan dariba a ka ce mishi. Ƙuri'a kuma wurinsu ba zaɓe ba ta, canki-canki ta, a sa sunaye a kwano a jawo." Ya juya ya yi wa Yaya Rabi bayani da Larabci. Ashe ita duk tsawon lokacin nan ta ɗauka wata gasa ake yi a kasuwar gwanjon garinmu, ina kukan kada firji ya wuce ni.

Ta zauna a kan darduma ta dube ni. Ta ce, "Tsaya. Ya'ni hukuma tana tambayarku, ku biya dariba ko kar ku biya?" Na ce eh. "Kuma ke kina so ki ce a ƙara?" Na ce eh. Ta tafa hannu ta ce, "La haula! Mu nan da safe muke tashi mu gan ta a fatura, khalas. Ku an tambaye ku, kuma za ki ce eh? Kuma ki bar Madina? Ki bar ziyarar Manzon Allah saboda kwata? Asabe, ki ji tsoron Allah."

Maganar ta soke ni, domin ita ce nake gaya wa kaina. Na ce, "Yaya, ba ki san kwatar nan ba." Na ba ta labarin gangare, da shagunan sama, da Talatu a kan buhu, da ƙafarta. Ina cikin magana na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Kin san ma'anar Misfala, inda masaukinku yake? Ƙasa-ƙasa. Nan aka haife ni. Da can in aka yi ruwa a duwatsu, duk abin da ya gangaro a kanmu yake ƙarewa. Ummi tana ɗora mu a kan akwati, ita ta tsaya cikin ruwa har gwiwa tana riƙe da buhun shinkafa a ka. Masu gidajen tudu da safe su leƙo su ce, alhamdu lillahi, an sami rahama." Ta goge ido da bakin mayafi. Sai ta miƙe ta ce, "Yalla. Tikiti."

Malam Garba ya jawo wata tsohuwar darduma ja, gefenta ya ɗan zare amma jikinta da kauri, ya naɗe ya miƙo mini. Na ce ba ni da kuɗinta. Ya ce, "Ba saye ba na. Ki kai ma wagga mai sallah bisa buhu."

Yinin da na ɓatar ya ci ni. Jirgin Alhamis mai zuwa Kano kai tsaye ya cika a daren Litinin. Abin da ya rage sai na Juma'a, mai bi ta ƙasar Habasha, a kwana a can, a sauka Kano ranar Asabar da rana. Kuɗin haƙorin gwal da na tsarabar jikoki da na abayar da na yi wa 'yata alkawari, duk suka tafi a tikitin nan, Yaya Rabi ta cika sauran ta ce in na sake maganarsa za ta mare ni.

Jagoran tawagarmu, wani malami mai sanyin hali, da na je karɓar fasfona sai ya zaunar da ni. Ya ce, "Hajiya, sallah ɗaya a nan kin san darajarta. Mutane na sayar da gona don su zo. Ke an kawo ki kyauta, za ki tafi saboda rigimar kasuwa?" Na ce, "Malam, na san darajarta, shi ya sa nake kuka. Amma in na je gaban Manzon Allah in yi sallama, in ce masa me? In ce na bar mata sama da hamsin a cikin ruwan kwata, an saye ni da kujera? Ba kyauta aka kawo ni ba, Malam, yanzu na san farashin." Ya buɗe jaka ya ba ni fasfon.

Ranar Alhamis da hantsi na tsaya a ƙofar masauki ina kallon motarsu tana lodi. Hajiyar Zariya, abokiyar faɗana, ta leƙo ta taga ta ce, "Me zan faɗa miki a can?" Na ce, "Ki ce Asabe mai manja tana gaisuwa, ta zo har bakin hanya, aiki ya mai da ita." Motar ta tashi, na zauna a kan dakalin shagon wani Bangali na yi kuka mai isata, bai kore ni ba, har ruwa ya miƙo mini. Ba zan ɓoye ba, har yau motar nan ba ta fita daga raina ba.

Na yi ɗawafin ban kwana, Yaya Rabi ta kai ni Jidda tana faɗa da direbobi har muka isa. Na kwana a kan kujerar ƙarfe a Habasha da darduma a matsayin matashi. Muka sauka Kano bayan azahar. Ban jira kowa ba, na ɗauki shatar mota, na ce wa direba in ya kai ni kafin a idar da la'asar zan yi masa addu'ar da ban yi wa kowa ba. Ya kai ni ana sallamewa.

A filin gaban kasuwa ake yi, ƙato bayan ƙato, wato kowa ya tsaya a layin abin da yake so a ƙirga kawuna, ba akwati ba ɓoye-ɓoye. Layin a'a ya miƙe har bakin masallaci, Alhaji Mamuda a gaba cikin babbar riga. Layin eh kuwa Talatu ce, da mahauta uku, da wani tsoho mai gishiri. Matan layinmu suna can gefe a gindin bango, sun yi cirko-cirko, ba su shiga nan ba, ba su shiga can ba.

Na sauko da jarkar Zamzam a hannu ɗaya, darduma a hammata, hijabina duk ya yamutse. Wata ta ce, "La! Asabe!" Ban kalli kowa ba. Na wuce kai tsaye wurin Alhaji, na durƙusa yadda na saba, na ajiye jarkar a gabansa.

Fuskarsa ta yi wani iri. Ya ce, "Hajiya Asabe? Ai ina ce kuna Madina."

Na ce, "Suna can, ranka ya daɗe. Ga tsarabarka. Na yi maka addu'a a gaban Ka'aba kai da Hajiya, sau bakwai, ban kuma janye ko ɗaya ba."

Ya rage murya ya ce, "Wanda ya kai ki Ɗakin Allah za ki kunyata a gaban jama'a?"

Na ce, "Kai ka ce lada kake nema, Alhaji. Ladan na nan, Allah ba ya cin haƙƙin kowa. Ƙuri'a ce ba ta cikin kujerar."

Na miƙe na je na tsaya bayan Talatu. Ta kama hannuna ta baya ta matse, ba ta juyo ba. Na ciro faturar silifa na ɗaga sama na ce da ƙarfi, "Mata, a Makka ma ana biya, kuma ba a tambayarsu. Mu an tambaye mu. Wadda ruwa bai taɓa shiga rumfarta ba ta tsaya a bango." Mai tattasai ce ta fara tahowa, tana jan zane. Sai mai kuɓewa. Sai suka taso gaba ɗaya kamar an buɗe wa awaki ƙofa, har da wasu daga cikin layin Alhaji, masu ƙananan rumfuna na tsakiya da ruwa ke lasa. Aka ƙirga sau biyu, don yaran Alhaji sun ce ba su yarda ba. Duka biyun mu ne a gaba, ba da yawa ba, amma a gaba.

Alhaji bai gaishe ni ba tun ranar, amma an ce ya sha Zamzam ɗin. Mai karɓar haraji kuwa da ya fara zagaye, rumfata ya fara zuwa, na biya, na ce ya rubuta mini takarda, ya ce ba a saba ba, na ce a saba daga yau. Na haɗa ta da ta Makka a lalita. An fara yashe kwata daga ƙasa, ana tafiyar hawainiya, kullum da safe sai na je na tsaya a kansu. Na kuma gaya wa mutanen ƙaramar hukuma a gaban kowa, in shekara ta zagayo ruwa na shiga layinmu, ni ce zan tsaya a gaban Alhaji Mamuda a layin a'a.

To, masu tambaya, ga amsarku. Ba ni da haƙorin gwal, jikokina ba su sami tsaraba ba, ban je Madina ba. In da rabo zan je da kuɗin manjana, in tsaya in yi sallama ba tare da na sunkuyar da kai ba. Dardumar Malam Garba tana rumfar Talatu. Ranar da na kai mata ta ɗauko za ta ɗora a kan buhu yadda ta saba, na karɓe na shimfiɗa ta a ƙasa. Jiya hadari ya haɗu a gabas. Talatu ta dube ni, ta dubi dardumar, ta kai hannu za ta naɗe. Na ce ta bar ta a nan.